In An Ninka Baka Biyu, Me Ake Samu?

 

Tambaya ɗaya na zo da ita. A ce ga baka mai kyau, sai aka ninka shi biyu a tsawo da faɗi da kauri, aka ninka tsarkiyarsa da kibiyarsa haka nan. Me za a samu? Yawancinmu za mu ce kibiyar za ta fi gudu, ta fi nisa, tun da babban baka ai ya fi ƙarfi. Ƙarfi kam ya fi. Amma gudun kibiyar ba zai ƙaru ba. Abin da girma yake sayo wa mai baka shi ne nauyin abin da zai jefa. Gudu kuwa a wata kasuwa ake sayensa, kuma zan kai ku can kafin mu tashi.

Mu fara da baka na gaske, wanda aka auna da ma'auni. A shekarar 1545 wani jirgin yaƙi na Sarkin Ingila Henry na Takwas, mai suna Mary Rose, ya nutse a gaɓar kudancin ƙasar. An ɗago shi a 1982, kuma a cikin kayan da taɓo ya adana an sami bakuna 137 lafiyayyu da kibau fiye da 3,500. Bakunan na itacen yuu ne, tsawonsu daga mita 1.87 zuwa 2.11. Masana sun ƙiyasta cewa da yawansu suna bukatar jan da ya kai kilo 70, wasu ma sun haura 80. Wato jan tsarkiyar zuwa kunne kamar ɗaga ƙaton mutum ne da yatsu uku. Har a ƙasusuwan kafaɗar wasu daga cikin mutanen jirgin an ga alamar da ake dangantawa da wannan aiki tun ƙuruciya.

To, mu ɗauki irin wannan baka mu yi lissafi. Baka ma'aji ne: ɗan baka yana zuba masa ƙarfi a hankali, shi kuma ya amayar da shi gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Ma'aunin wannan ajiya shi ne jul, kuma jul goma shi ne kusan aikin ɗaga kilo ɗaya sama mita ɗaya. Bakanmu na mita biyu, nauyin jansa kilo 70, tsarkiya tana tafiyar santimita 60 daga inda take hutawa zuwa cikar ja. Da yake jan yana farawa da sauƙi ne ya riƙa tsauri, sai a ɗauki rabi, kilo 35, a ninka da tazarar. Ajiyar ta kama kusan jul 210. In aka sa kibiya mai giram 95, za ta fita da gudun kimanin mita 55 a sakan ɗaya. An sassaƙa kwatankwacin waɗannan bakuna a zamaninmu, kuma kibiya mai irin wannan nauyi ta kai kusan mita 250.

Yanzu mu ninka shi. Ku ɗauki ƙwayar sukari guda. In kuna son gina wadda ta ninka ta biyu a kowane gefe, ƙwaya nawa za ku jera? Ba biyu ba, ba huɗu ba, takwas. Amma fuskar kowane gefe ƙwaya huɗu kawai za ta nuna. Tsawo ya ninka biyu, fuska ta ninka huɗu, jiki ya ninka takwas. Wannan ita ce ƙa'idar da Galileo ya bayyana a littafinsa na 1638, inda ya nuna dalilin da ya sa ƙashin babbar dabba ba zai zama ƙashin ƙarama da aka faɗaɗa kawai ba. Duk abin da zan faɗa yau a kan wannan ƙa'ida yake tsaye.

Ƙarfin da reshen baka yake iya riƙewa yana bin fuskar da za a gani in an yanke shi a tsakiya. Saboda haka bakan mita huɗu nauyin jansa ninki huɗu ne, kilo 280. Tazarar ja ninki biyu, mita 1.2. Huɗu sau biyu takwas: ajiya ta zama jul 1,680. Madalla, ƙarfi ya samu. Sai dai kibiyar ma ta ninka takwas, ta koma giram 760. Ajiya ninki takwas an raba wa nauyi ninki takwas, kowane giram na kibiya rabonsa bai canza ba. Gudun yana nan a mita 55. Ku ninka bakan sau uku, ko sau goma, amsar ba za ta motsa ba.

Na san abin da ke ran wani a nan: to, a sa ƙaramar kibiya a babban bakan mana. Tambaya ce mai kyau, kuma a nan ne maganar ta fi daɗi. Idan aka saki tsarkiya, ba kibiya kaɗai ke tashi ba. Rassan bakan biyu suna zabura gaba, tsarkiya ma tana zabura, kuma kowannensu sai ya ci rabonsa daga ajiyar. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Paul Klopsteg, ya tsara wannan a 1943. Ya nuna cewa ana iya ɗaukar baka tamkar yana jefa kibiya biyu a kowane harbi: ta zahiri, da wata ɓoyayyiya wadda take wakiltar nauyin rassa da tsarkiya. A misalinmu, mu ce ɓoyayyiyar giram 40 ce. Kibiyar giram 95 za ta tafi da kashi 70 cikin ɗari na ajiyar, sauran ya tsaya a jikin baka. A babban bakan kuwa ɓoyayyiyar ta ninka takwas, ta zama giram 320. Ka sa masa ƙaramar kibiyar nan, gudunta zai kai wajen mita 90 a sakan, amma ko rubu'in ajiyar ba za ta ɗauka ba. Kusan jul 1,300 zai koma ya bugi rassa da tsarkiya. Wannan duka ba ya barin baka da daɗewa. Kuma ga abin lura: ƙaramin bakan ma zai ba da wannan gudu na mita 90 in aka sa masa kibiya mai giram 12. Ko da babu kibiya sam, bakunan biyu ba za su wuce gudun mita ɗari da 'yan kai ba, domin wannan ne iyakar saurin da itacen yake iya jefa kansa da kansa. Ban da haka, siririyar kibiya mai tsawon mita ɗaya da rabi da aka danna da kilo 280 lanƙwashewa za ta yi, ko ta tarwatse a kan bakan.

Akwai riba ɗaya ta gaskiya da girma yake kawowa a wajen nisa, kuma bai kamata in ɓoye ta ba. Iska tana tare kibiya gwargwadon fuskarta, ninki huɗu, alhali nauyinta ninki takwas ne. Don haka babbar kibiya ta fi jure iska, ta fi riƙe gudunta. Amma ribar tana da rufi. Abin da ya fita da gudun mita 55 ko 56 a sakan, ko da babu iska a duniya, ba zai wuce mita 320 a fili shimfiɗaɗɗe ba. Ƙaramin baka ya riga ya kai 250. Duk girman da za a ƙara, a kan wannan 'yar tazara ta mita 70 ake kokawa.

To, me ya sa mutane suka riƙa yin dogayen bakuna? Bakan Japan da ake kira yumi ya wuce mita biyu, an haɗa shi da gora da itace, kuma ana riƙe shi ne a kusan sulusi daga ƙasa. Tsawo ba don ƙarfi ba ne. Hasali ma, in ka tsawaita reshe biyu ba tare da ka ƙara masa kauri ba, laushi zai yi har ninki takwas. Tsawo kariya ce. Itace ba ya jure miƙewa fiye da kusan kashi ɗaya cikin ɗari kafin ya fara tsagewa, kuma dogon reshe yana raba lanƙwasa a wuri mai yawa, ta yadda za a ja shi har bayan kunne bai karye ba. Masu sassaƙa su riƙe wannan: faɗi in ya ninka biyu, tsauri ya ninka biyu, kuma itacen bai ƙara wahala ba. Kauri in ya ninka biyu, tsauri ya ninka takwas, kuma wahalar da bayan baka yake sha ta ninka biyu. Shi ya sa ɗan kankara kaɗan daga cikin baka yake sauya halinsa gaba ɗaya.

Yanzu mu je kasuwar da ake sayen gudu. Bakan Turkawan Usmaniyya gajere ne, bai kai ƙirjin mutum ba in an tsayar da shi. An yi shi da abu uku: siririn itace a tsakiya, ƙaho a ciki inda ake matsewa, jijiya a baya inda ake miƙewa, duk an manne da gam. A ƙarshen ƙarni na 18 wani sakataren jakadan Usmaniyya a Landan, Mahmud Efendi, ya harba kibiya kusan mita 440 a gaban 'yan bakan Ingila. An kuma rubuta cewa a 1798 Sarki Salim na Uku ya kai kusan mita 889 a filin harbi na Santambul. Ku gwada wannan da bakan ƙarfe mai ƙota da kunama wanda Ralph Payne-Gallwey ya harba a 1901: nauyin jansa ya wuce kilo 500, sai da na'ura ake ɗana shi, amma mita 400 da ɗoriya ya tsaya.

Dalili yana cikin kayan. J. E. Gordon, masanin kayan ƙira na Ingila, ya kawo ƙiyasi a littafinsa na 1978: kilo ɗaya na ƙarfen sifirin yana ajiye kusan jul 130, itacen yuu 900, ƙaho 1,500, jijiya 2,500. Ƙarfe yana da tsauri, amma nauyinsa ya cinye amfaninsa, kuma ba ya lanƙwasa da nisa, don haka tazarar jansa 'yar kaɗan ce. Wani zai lura cewa bakanmu na yuu nauyinsa kusan kilo ɗaya ne, amma jul 210 kawai ya ajiye maimakon 900. Haka ne. A lanƙwasa, bayan reshe da cikinsa ne suke aiki, tsakiyar kuwa ɗaukarta kawai ake yi. Gwanintar Turkawa ita ce sun sa kowane abu a inda ya fi iyawa, suka rage nauyin da ba ya aiki. Bakan zamani mai ƙananan kurori a bakin rassansa, wanda Holless Wilbur Allen ya sami haƙƙin ƙirƙirarsa a Amurka a 1969, wannan hanya ya bi: bai kai mita ɗaya ba, amma kibiyarsa tana kusantar mita 100 a sakan.

A ƙasarmu an warware matsalar ta wata fuska. Maharbinmu bai nemi babban baka ba. Kibiyarsa ta kyauro ce marar nauyi, ba ta da gashi, aikin kisan kuma an ɗora wa dafi, irin na kwankwani. In kibiya ƙwarzane kawai take bukatar yi, ajiya kaɗan ta isa. Da irin waɗannan 'yan baka jama'ar Shehu suka tari dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804.

Amma akwai lokacin da nauyi ake so, kamar in ganuwa ce a gabanka ko garkuwa mai kauri. A nan babban baka ya sami aikinsa, a nan kuma ya ci karo da iyakar ɗan Adam, wanda hannunsa ba ya ja fiye da santimita 70 zuwa 80. Akwai wanda ya haɗa da ƙafafu: Harry Drake a Amurka ya kwanta rigingine, ya taka baka da ƙafa biyu, ya ja da hannu biyu, ya aika kibiya mita 1,854 a 1971. Daga nan sai na'ura. Mutanen Sin a zamanin daular Song sun ƙi yin reshe ɗaya mai kauri. Sai suka haɗa baka biyu ko uku a kan gado ɗaya, ana ɗana su da abin naɗe igiya, kamar yadda littafinsu na yaƙi na 1044 ya zana. A 1004, a Chanzhou, kibiyar irin wannan baka ta kashe babban kwamandan rundunar abokan gabarsu na daular Liao, Xiao Talin, kuma ba a daɗe ba aka yi sulhu. A ƙasashen Musulmi ma, Marḍi ɗan Ali al-Tarsusi ya bayyana wani ƙaton baka da ake ja da na'ura a littafin makamai da ya rubuta wa Salahuddin Ayyubi.

Wanda ya fi shahara a cikin manyan bakuna shi ne na Leonardo da Vinci, wanda ya zana a ƙarshen ƙarni na 15, faɗinsa kusan mita 24. Babu shaidar cewa an gina shi a zamaninsa. Mu sa masa ma'auninmu. Mita 24 ninki 12 ne na bakanmu. In da siffarsu ɗaya, nauyin jansa zai kai tan 10, ajiyarsa ta wuce jul 360,000. Mutum mai ƙarfi da ke juya na'ura ba hutawa yana ba da kusan jul 100 a sakan, wato sa'a guda cur kafin a ɗana harbi ɗaya, in ma babu asarar gogayya. Bayan duk wannan, abin da aka jefa zai fita da gudun nan dai na mita 55.

Kuma a wannan girma wasu matsaloli suna tasowa waɗanda ƙaramin baka bai san su ba. Nauyin rassan ya ninka 1,728, ƙarfinsu kuwa 144 kawai, saboda haka za su saki ƙasa tun ba a ja su ba. Ina za a sami itace mai mita 12 ba gaɓa, ba murɗiya, ba ɓoyayyar tsaga? Gwargwadon girman gungume, gwargwadon yiwuwar aibi a cikinsa, kuma reshe a wurin aibinsa yake karyewa. Bushewa ma haka: kauri in ya ninka biyu, lokacin bushewa kusan ninki huɗu ne. Leonardo ya hango wannan, shi ya sa ya zana rassan falle-falle a jere. Amma falle-falle na nufin sai an hana su zamewa a kan juna, kuma wannan aiki ne mai zaman kansa.

A ganina, mutanen da suka fi kowa fahimtar wannan magana a zamanin da su ne injiniyoyin Girka, kuma zan ɗan daɗe a kansu. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, Dionisiyus mai mulkin Sirakus a tsibirin Sisili ya tara masu sana'a daga ko'ina don ƙera makamai, kuma daga nan tarihi ya fara ambaton na'urar harbi. Na farko babban baka ne kawai a kan ƙota. Da suka ga iyakarsa, sai suka yi abin da ya fi ƙara girma wayo: suka raba aikin ajiya da aikin jifa. Suka ɗaure dami biyu na igiyar jijiya ko gashi a tsaye cikin firam, suka murɗe su tamau, suka cusa sanda a tsakiyar kowane dami. In an ja tsarkiya, sandunan ba sa lanƙwasa, damin ne ke ƙara murɗewa. Ku duba hikimar: abu mai nauyi da ke riƙe ajiya yana zaune wuri ɗaya, motsinsa kaɗan ne, abin da ke zabura kuwa sanda ce marar nauyi. Ɓoyayyiyar kibiyar Klopsteg suka rage, fiye da shekara dubu biyu kafin a haife shi. Raunin wannan na'ura ɗaya ne, laima, domin jijiya in ta sha danshi sai ta saki.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka kai ga ƙa'idar girma. Filon na Bizantiya ya ba da labarin cewa da farko ana ƙera na'ura biyu iri ɗaya, ɗaya ta yi kyau ɗaya ta ƙi, ba a san dalili ba. Sai sarakunan Masar na gidan Batlamiyus suka ɗauki nauyin gwaje-gwaje a Iskandariyya, aka yi ta ƙarawa ana ragewa ana harbawa, har aka gane cewa ma'auni ɗaya ne uwar sauran: faɗin ramin da damin igiya yake bi. Kowane katako a jikin na'urar ana yanka shi ne gwargwadon wannan faɗi. Na'urar kibiya, a raba tsawon kibiyar gida tara, kashi ɗaya shi ne faɗin ramin. Na'urar dutse kuwa, a ɗauki nauyin dutsen da ma'auninsu na mina, a ninka da ɗari, a nemo lambar da in an ninka ta da kanta sau uku za ta ba da wannan adadi, sannan a ƙara mata ushirinta. Dutse mai mina 10, wato kusan kilo huɗu da rabi: dubu ɗaya ke nan, lambar ita ce 10, a ƙara 1, faɗin rami yatsa 11, kusan santimita 21. Dutse mai mina 80: dubu takwas, lambar 20, faɗin rami yatsa 22. Dutse ya ninka takwas, na'ura ta ninka biyu. Lissafin da muka yi ɗazu ke nan, sun same shi da gwaji. Kuma ku lura daga ina suka fara: daga dutsen. Ba su ce bari mu gina babba mu ga abin da zai jefa ba. Har Eratostinis, masanin lissafi na Iskandariyya, ya ƙirƙiro wani abin awo don nemo irin wannan lamba, ya kuma ambaci amfaninsa ga masu ƙera waɗannan na'urori.

Abin da ya kashe kasuwar manyan bakuna a ƙarshe shi ma lissafin ajiya ne. Kilo ɗaya na jijiya jul 2,500, kilo ɗaya na albarushi kusan jul miliyan uku, kuma ba a bukatar mutum ya juya na'ura sa'a guda.

Ga ɗalibanmu da ke son su gwada da hannunsu, kuma ina fata za su gwada, ga yadda nake ba da shawara. Ku tsayar da nauyin abin da za ku jefa da nisan da kuke so tun kafin ku taɓa itace. Ku sassaƙa baka biyu daga katako ɗaya, na mita ɗaya da na mita biyu, komai ninki biyu daidai, har tsarkiya da kibiya. Ku ɗaure kowanne a benci, ku ja shi da sikelin rataye irin na masu awon hatsi, kuna rubuta nauyin ja a kowane santimita biyar. Ya kamata babban ya nuna ninki huɗu a cikar ja. In bai nuna ba, ku koma kan kauri da ma'auni, a can kuskuren yake. Sannan ku harba kibau masu nauyi daban-daban a kowane baka, ku auna nisa, daga nan za ku iya fitar da nauyin ɓoyayyiyar kibiyar kowannensu.

Duk bakan da ya wuce jan hannu, kada a ja shi sai da igiya mai tsawo, mai ja yana bayan shinge, babu kowa a gaba ko a gefen rassa. Kada a saki tsarkiya ba kibiya, ko sau ɗaya. A ƙara ja kaɗan-kaɗan, ana duba bayan reshe bayan kowane ƙari, kuma in an ji ƙarar tsagewa a sassauta nan take a ajiye wannan itace. Bakan mita huɗu da muka lissafa yana riƙe da aikin ɗaga buhun siminti sama da mita uku, kuma in reshe ya karye duk wannan a jikin wanda ke kusa zai sauka.